Tebur ko CSS? Musayar Baitoci Kan Shimfiɗa Shafi

Amsa-amon yau "wa" ne. Batun shi ne tsara shafin intanet: da tebur, ko da CSS, harshen da ke tsara kamannin shafi (absolute, relative, Flexbox da Grid duk hanyoyinsa ne na jera akwatunan shafi). Baba Mai Tebur ke buɗe fage, duk mai amsa ya amsa da baiti.

Baba Mai Tebur:

Da sunan Allah zan fara,
Shi ke bai wa harshe furtawa.
Tun zamanin burauzar Netscape nake aikin,
Da tebur nake duk shimfiɗawa.
Take a sama, jerin zaɓi a hagu,
Gurbi-gurbi, ba mai motsawa.
In gefe ya matse, akwai hoto
Mai fikzel ɗaya, ido bai hangowa,
In miƙe shi ya tokare ginshiƙi,
Shafi ya tsaya, ba ya rushewa.
Ku yara me kuka gano ne,
Kuke bi na da dariya da sowa?

'Yar Zazzau:

Baba, na durƙusa, a yi min afuwa,
Ba raini ya sa ni amsawa.
Tebur an yi shi don lissafi,
Maki da farashi yake jerawa.
Kai ko ka sa tebur cikin tebur,
Cikin wani, har ba ya ƙirguwa.
Shafi ɗari in za a sauya launi,
Sai ka bi ɗarin kana gogewa.
Ni ko fayil guda na CSS
Na taɓa, duk sai su bi sauyawa.
Håkon Wium Lie, mutumin Norway,
A 1994 ya fara kawowa.
Shi da Bert Bos suka ɗaure aikin,
1996 W3C, ƙungiyar ƙa'idojin yanar gizo, ta yi amincewa.
1998 aka fito da na biyu,
Mai ba akwati wurin tsayawa.
Burauza ta sauke fayil sau ɗaya,
Ta adana, data ba ta ƙonewa.

Baba Mai Tebur:

'Yata, kin iya tarihi, madalla,
Sai dai da wanda kike tsallakewa.
Internet Explorer 6 na 2001,
Wa zai manta da wannan wahalarwa?
Ki tura akwati hagu, tazara goma,
Ya mai da ita ashirin, yana ninkawa.
Ginshiƙin dama ya zame ya faɗo,
Ku kwana ido biyu kuna gyarawa.
Tebur nawa ko gezau bai yi ba,
Na yi barci har da minsharawa.

Ɗan Damagaram:

Baba da Yaya, ku ba ni fili,
Ƙarami ne zai yi tsomawa.
Ina bayan Yaya, amma da sharaɗi,
Don absolute na da ruɗarwa.
Yana zare akwati daga layi,
Maƙwabta su rufe gurbi, ba tunawa.
Rubutu ya ƙaru da layi biyu,
Sai wannan ya hau wancan, ba karantawa.
Ka sa relative kan uwar akwati,
Ɗan ya san inda yake aunawa.
Ka bar shi ga ƙananan ayyuka:
Jan lambar saƙo, maɓallin rufewa.
Wanda ya kafe dukan shafi da shi,
Gara ma teburin Baba, ba musawa.
In shafin ajami ne, dama zuwa hagu,
Abin da ka kafe hagu bai juyawa.

Baba Mai Tebur:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka,
Tebur kam ya iya wannan juyawa!

'Yar Zazzau:

Ƙanena, ka faɗi gaskiya tsantsa,
Flexbox ma na bin hanyar rubutawa.
Baba, ɗauki wayarka ka duba,
Nan ne shari'ar take ƙarewa.
Ginshiƙi uku a allon tafin hannu,
Sai ja hagu, ja dama, sai zuƙowa.
Teburinka riga ce ta mutum ɗaya,
CSS zani ne, kowa na ɗaurawa.
Allo ya yi faɗi, su jeru gefe-gefe,
Ya tsuke, su bi juna suna saukowa.
Ethan Marcotte a shekarar 2010
Ya raɗa wa salon "responsive", sunan kirawa.
Maris na 2017 Grid ya sauka,
Chrome, Firefox, Safari, duk da karɓuwa.
Layi da ginshiƙi ga su ka samu,
Ba tare da tebur ba ka ci gaba da zanawa.
Ka tuna makaho mai manhajar murya,
Gurbi bayan gurbi take karantowa.
In tebur ya sarƙe cikin tebur,
Zancen ya tsinke, ba ya haɗuwa.

Baba Mai Tebur:

To 'yata, batun waya na sallama,
Na makaho ma ba ni da tankawa.
Amma imel fa? Ku je ku gwada,
Ku aika Grid ku ga wargajewa.
Tsohon Outlook na Windows tun 2007
Da injin Word yake nunawa.
Bai san Flexbox ba, bai san Grid ba,
Tebur kaɗai yake ganewa.
Ranar da banki ya ba ku aikin saƙo,
Kun san shagona, sai ku yi biyowa.
Ɗan Damagaram, kawo kwamfutarka gobe,
Grid ɗin nan za ka fara koyarwa.