Zauren Kafintoci: wace rauta ya kamata sabon mai shago ya fara saya?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum iyayen gida da 'yan'uwa. Maigidana ya yaye ni, na kama ɗan shago, yawancin aikina gado ne da durowa da teburin tsakar ɗaki. Kwalliyar gefe har yanzu wurin masu inji nake kaiwa, kuɗin mota da jiran layi suna cinye ribar. Ina so in sayi rauta ta hannu, injin nan mai fitar da kwalliyar gefen katako da yanka gurbi. Ƙarama ko babba? Sabuwa ko ta gwanjo? A taimaka da shawara.

Baba Mai Ƙofofi: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka a shagon, yarona. Ka taɓa riƙe ta tana aiki, ko kallo kawai ka yi?

Ɗan Kurna: Amin Baba. Gaskiya kallo ne. Maigida ba ya barin yara su taɓa.

Baba Mai Ƙofofi: To fara da ƙarama. Ga aikin da ka lissafa, zagaye gefen tebur, datse fomaika, ɗan gurbin da bayan durowa zai shiga, ƙaramar ta ishe ka. Makita RT0700C nake nufi, wat 710, tana da abin rage gudu daga 10,000 zuwa 30,000 a minti. Bosch GKF 600 ma tana da kyau, sai dai gudunta ɗaya ne, ba a ragewa. Hannunka zai koyi halin injin a kan abin da ba zai fi ƙarfinka ba.

Oga Na Panteka: Baba, Allah ya ƙara girma, a nan ban bi ka ba. Yaron nan gado yake yi. Ranar da aka kawo masa maɗaci aka ce ya fitar da kwalliya mai faɗi a allon kai, ƙaramar nan kuka za ta yi ta yi har ta ƙone. Ya daure ya sayi babba sau ɗaya, irin 3612 ko RP2301FC, mai cin bit, wato bakin yankan da ake ɗaura mata, na rabin inci. Kuma babba hannu biyu ake riƙe ta, nauyinta ma yana zaunar da ita a kan katako.

Baba Mai Ƙofofi: Da wace wutar zai kunna ta, Oga?

Mai Gyaran Inji: Tambayar ke nan. Ɗan Kurna, wane janareto gare ka?

Ɗan Kurna: Ƙaramin nan ne mai haɗin mai da baƙin mai.

Mai Gyaran Inji: To babba ba taka ba ce tukuna. RP2301FC wat 2,100 ce, wannan janareton ko rabinta ba zai ɗauka ba. Kuma lokacin tashi inji yana jan wuta fiye da abin da aka rubuta a jikinsa. Yawancin rautocin da ake kawo mini da ƙonannen kwayil, wuta ce ba ta kai ba aka ci gaba da danna su. Babba tana son janareto mai kVA 3 ko sama. Wayar da za ka ja kuma kaurinta kada ya gaza 1.5mm², idan da nisa 2.5mm², kuma a warware ta duka, kada a bar ta a naɗe tana ɗaukar zafi.

Maganar gwanjo: duba farantin da ke jikinta kafin ka yi ciniki. Wutarmu 230 ce. Wadda ta fito daga Amurka 120 ce, akwai kuma 'yan Ingila masu rawayan filogi, 110. Ka soka su kai tsaye, hayaƙi za ka gani. Sai da taransifoma mai rage wuta, shi ma wanda ya fi ƙarfin injin. Idan ta dace da wutarmu, ka cire filogi ka kama sandar da bit ke shiga ka girgiza. Idan tana motsi gefe da gefe, boris ɗin da sandar ke juyawa a cikinsa ya tafi. Sannan a kunna, ka leƙa ta ramukan iska. Ɗan tartsatsi kaɗan ba komai, amma idan wuta tana zagaye ciki, ajiye musu kayansu.

Oga Na Panteka: Na yarda da maganar wuta. Amma ya sa a ransa babbar tana nan tafe.

Kafintan Maraɗi: Salamu alaikum. Ni abin da zan ƙara, kolet. Wato ɗan ƙarfen nan mai tsaga da ke cikin noti, wanda ke damƙe ƙafar bit. Mu nan kayan da ke zo mana ta Faransa da milimita suke, 6 da 8 da 12. Idan muka tsallaka Kano ko Katsina sayen bit, sai mu tarar da yawansu na inci ne, kwata da rabi. Da ido ba ka bambanta su. Kwatan inci milimita 6.35 ne, rabin inci 12.7. Ka sa bit mai 6 a kolet na kwata, za ka ɗaure noti har ka ji ya tsaya, ka ɗauka ya kama, alhali bai kama ba. Ana cikin yanka sai ya riƙa zamowa ƙasa a hankali, gurbin yana ƙara zurfi kai ba ka sani ba, in an yi rashin sa'a ya fice gaba ɗaya.

Malamin Fasaha: Wannan ita ce maganar da ta fi kowace muhimmanci zuwa yanzu. Ɗan Kurna, ka sa mai shago ya nuna maka lambar da ke jikin kolet ɗin, ka kuma sayi awon nan mai baki biyu da makanikai ke auna kauri da shi. Kowane bit ka auna ƙafarsa kafin ka biya. Kada wani ya ce maka a naɗa takarda ko gwangwani a cike gibin.

Sa bit kuma yana da ƙa'ida. Ka tura shi har ƙasa, sannan ka jawo shi baya kamar milimita 2 zuwa 3, sai ka ɗaure. Idan ya zauna daram a ƙasa, kolet ba ya samun damar matse shi yadda ya kamata. Kada kuma ka jawo shi waje da yawa don neman tsawo, aƙalla kashi uku cikin huɗu na ƙafar su kasance a ciki. Kuma ba a ɗaure noti babu bit a ciki, yana lalata kolet.

Baba Mai Ƙofofi: Malam, ka tsallake na farko. Cire filogi.

Malamin Fasaha: Haka ne Baba, gaba da gabanta.

Baba Mai Ƙofofi: Ba kashe makunni na ce ba, cire filogi daga soket, ka ajiye shi inda idonka ke ganinsa. Ga dalili. Ana cikin aiki a ɗauke wuta. Mutum ya yi tsaki, ya ajiye injin a kan benci makunni a kunne, ya fita shan shayi. Ko ya ce bari in canza bit kafin su kawo. Sai a dawo da wuta. Na ga rauta ta tashi ita kaɗai ta bi ta kan benci ta faɗo ƙasa tana juyi, yara suna tsalle suna hawa kan katako. Allah ya tsare ba ta sami kowa ba. Da yatsun wani suna kan sifana fa? Mai janareto ma haka, yaro ya ja igiya a waje bai san hannunka na ina ba.

Ɗan Kurna: Subhanallahi. Wannan ban taɓa kawo shi a rai ba. To Baba, ta wane gefe ake turawa? Na lura maigida kullum gefe ɗaya yake bi.

Baba Mai Ƙofofi: Idan ka kalle ta daga sama, bit yana juyawa ne yadda hannun agogo ke tafiya. Don haka gefen katakon da ke gabanka, daga hagu za ka fara ka tafi dama. Za ka ji injin yana ɗan turje maka, kai kana tura shi. Haka ake so. Idan ka bi ta dama zuwa hagu, bit zai kama katako ya ja injin da gudu, kamar akuya ta ƙwace igiya. Zagaye wajen tebur, ka saɓa wa agogo. Cikin firam, inda za a sa madubi ko gilashi, ka bi agogo.

Oga Na Panteka: Kuma ya fara da kan katako, wajen da zarto ya gitta, kafin dogayen gefuna. Kusurwa takan ɓalle a ƙarshen gittawa, to idan ka zo bin dogon gefe sai ya share ɓallin. Kada ka ce za ka cinye zurfin a tafiya ɗaya. Milimita 3 a kowace tafiya ya isa a katako mai tauri, ka sauke ka sake bi. Tafiyar ƙarshe ka ɗebi ɗan kaɗan, za ka ga ko samfefa ba ya so sosai.

Mai Kujeru Zariya: Ni tambaya ce da ni a kan wannan. Maɗaci yana yi mini baƙin tabo a gefe, kamar an ɗora dutsen guga. Bit ɗin sabo ne.

Malamin Fasaha: Ɗaya cikin uku ne: kana tsayawa a wuri ɗaya injin yana juyi, ko tafiyarka ta yi sanyi da yawa, ko gudun ya yi wa faɗin bit ɗin yawa. Bit da bai wuce milimita 25 ba zai iya tafiya wajen 24,000. Daga nan zuwa 50, sauko wajen 18,000. Wanda ya fi haka faɗi, irin na fitar da allon ƙofa, bai kamata a riƙe shi a hannu ba sam, na rautar da aka kafa a tebur ne. Duba jikin kwalin, masu kirki suna rubuta iyakar gudunsa.

Mai Kujeru Zariya: Tsayawar ce, ina jin. Nakan tsaya in gyara riƙon katakon da ɗaya hannun.

Baba Mai Ƙofofi: Riƙo da hannu? A'a ɗan'uwa. Kilam biyu, ka ɗaure aikin a benci. Kuma kada ka sa yaro ya danne maka, fuskarsa tana daidai inda abu zai fallatsa. Hannunka biyu na kan inji, waya ta bayan kafaɗarka. Ka kunna ta nesa da katako, ta gama ɗaukar gudu, sannan ka shiga. Ka gama, ka bari ta tsaya cak kafin ka ajiye.

Kafintan Maraɗi: Tsohon katako kuma a bi shi da mayen ƙarfe. Ƙusar da ta karye a ciki tana ɓalle haƙorin bit, ɓallin kuma ba ka san inda zai nufa ba.

Ɗan Kurna: Zan haɗa da safar hannu da tabarau in sha Allah.

Oga Na Panteka: Tabarau dole. Safar hannu a'a.

Mai Kujeru Zariya: Oga, ni ina sawa, tana rage mini girgiza.

Oga Na Panteka: Idan bit ya taɓa fatar yatsa, yanka ne. Idan ya kama zaren safa, hannun zai ja ciki gaba ɗaya. Haka hannun kaftani, haka carbi a wuya ko a hannu. Ranar Juma'a ce ta fi ba ni tsoro, mutum ya dawo masallaci da manyan kaya ya ce bari in ƙarasa gefe ɗaya. Tuɓe ka sa rigar aiki. In girgiza ta yi yawa har kana neman safa, bit ɗinka ya lanƙwashe ko boris ya mutu, shi za ka duba.

Malamin Fasaha: Sai kunne da hanci, waɗanda muke rainawa don ba sa zubar da jini. Ƙarar rauta tana haura desibel 90, alhali daga 85 ji yake fara lalacewa idan ana daɗewa a ciki, kuma ba ya dawowa. Abin toshe kunne ba shi da tsada. Ƙurar katako kuwa, tun 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji, musamman na cikin hanci. Iroko yana tayar da asma da ƙaiƙayin fata. MDF, allon da ake yi da matsattsen garin katako, ya fi kowanne laushin ƙura, ga gam a cikinsa. Ƙyalle ko takunkumin asibiti ba sa tare ta, nemi mai lamba FFP2 ko N95, wanda ke kama fuska. In da hali ka fito da benci bakin ƙofa, iska tana kaɗa ƙurar nesa da kai.

Mai Gyaran Inji: Kafin in tafi, kula da injin. Kullum aka tashi a hure ramukan iska, musamman da hunturu da ƙura ta haɗu da garin katako. Kabon, ɗan gawayin da ke kai wuta cikin injin, guda biyu ne, a gefe da gefe, ana buɗe murfinsu da sukundireba. Idan sun cinye har kusa da layin da ke jikinsu, a canza duka biyun tare, kuma da lambarsu, kada a goge na wani inji a cusa. Kolet a cire a share shi da busasshen tsumma, kada a sa masa mai. Bit da danƙo ya kama, cire ɗan boris ɗin kansa tukuna, ka wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori. Kuma kada a zuba su cikin gwangwani ɗaya suna karo da juna. Huda ramuka a guntun katako, kowanne ya tsaya a nasa.

Ɗan Kurna: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ƙaramar zan saya. Bit fa, in ɗauki akwatin nan mai guda goma sha biyu?

Baba Mai Ƙofofi: Rabinsu ba za ka taɓa ba. Sayi uku masu haƙorin kabaid: miƙaƙƙe mai milimita 6, na zagaye gefe mai boris, da na datse fomaika. Sauran ka saya ranar da aiki ya nema.

Kafintan Maraɗi: In ka sayo, turo hoton kolet ɗin da lambarsa kafin ka je wajen masu bit.