Wane suna za mu ba tamostat da Hausa?

Jama'a, ku zo mu raba wannan gardama. Idan injin gahawar esfireso na gida ya daina yin zafi, fitila na kamawa, famfo na turo ruwa amma ruwan da sanyinsa, abubuwa uku ake fara tuhuma: hita, tamostat, da fiyus. Biyu sun riga sun zama 'yan gida. Kowane mai gyara ya san hita, ya san fiyus, ba sai mun wahalar da kanmu ba. Na tsakiyan ne har yau ba shi da sunan kirki.

Wasu sun kawo "ma'aunin zafi". Ban yarda ba. Ma'auni gaya maka yake yi, ba ya hana komai, kuma sunan ya riga ya zauna a kan abin da ake gwada zazzaɓi da shi. Shi kuwa tamostat ba ya nuna maka lamba ko ɗaya. A cikinsa akwai ɗan faifai na ƙarfe iri biyu manne da juna, ɗaya ya fi ɗaya miƙewa idan ya ji zafi. Da zafin tukunyar ruwan injin ya kai iyakar da aka yanka masa, sai faifan ya lanƙwashe, ka ji ƙas, wuta ta yanke daga hita. Idan ta ɗan huce ya koma yadda yake, wuta ta dawo. Haka yake yi muddin injin na kunne.

"Makunnin zafi" ya fi kusa, sai dai wanda ya ji makunni zai nemi abin dannawa a jikin injin, alhali wannan yana can ciki, ɗaure a jikin tukunya.

Ni dai "linzamin zafi" nake so. Linzami ba ya kashe doki, ja yake yi ya saki. Kuma sunan yana karɓar ƙari ba tare da ya yi nauyi a baki ba. Injin gahawa samfurin Gaggia Classic, alal misali, guda biyu gare shi: na dafa gahawa mai yanke wuta a digiri 107 na Salshiyos, da na tururi mai yankewa a 145. Ka ga sai mu ce linzamin dahuwa da linzamin tururi, an gama.

Abin da ya sa na nace a raba sunansa da na fiyus shi ne, a wurin gyara rikita su na jawo ɓarna. Fiyus ɗin zafi sau ɗaya yake aiki a rayuwarsa. A wancan injin, sai zafi ya kai digiri 184 yake narkewa, kuma ba ya dawowa. To me ya kai tukunya can? Sau da yawa linzamin ne ya maƙale, ya ƙi yanke wuta. Wanda bai bambance su ba zai sa sabon fiyus ya rufe injin, kwana kaɗan ya sake mutuwa. Mafi muni shi ne mai haɗe wurin da guntun waya don wai injin ya tashi. Don Allah kar a yi, gobara ake gayyata.

Ga yadda sunan ke zama a cikin bayani, ku ji ko ya yi daɗi. A zare filogi, a bar injin ya huce, a cire wayoyin abin da za a gwada, a sa mitar gwada wuta a kan om, wato awon turjiyar da abu ke yi wa wuta. Linzami mai lafiya, idan da sanyi, zai nuna kusan sifili. Fiyus ma haka. Hita mai wat 1200 a wutar bolt 230 za ta ba da wajen om 44, a wutar Amurka mai bolt 120 kuma wajen om 12. Idan mita ta yi shiru, hitar ta ƙone. A kuma gwada tsakanin bakin hita da gangar jikin injin: can bai kamata a ga komai ba, idan an gani to wuta na zurarewa, shi ya sa wutar gida ke faɗuwa da zarar an kunna.

Wani zai ce sababbin injuna masu allo ai da na'urar lantarki suke sarrafa zafi. Gaskiya ne, kuma a nan ne "ma'aunin zafi" ya sami gurbinsa, domin ɗan abin da ke jikin tukunyar aunawa kawai yake yi ya kai rahoto.

Saura guda ɗaya da ya gagare ni. Injin Rancilio Silvia na da wani tamostat na tsaro mai ɗan jan maɓalli: idan zafi ya wuce kima ya yanke wuta, ba ya narkewa kamar fiyus, ba ya kuma dawowa da kansa sai an buɗe injin an danna. Na gwada "linzamin gaggawa", bai kwanta mini ba. Malaman gyara, ku me kuke ce masa a bakin aiki?