Ina labarin auren da babu duka, babu kishiya, amma babu daɗi?

Maman Ilham, Agege

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga masu rubuta gajerun labarai ce, da masu karantawa irina.

Shekara 11 ke nan da aka kawo ni Legas daga Funtuwa ina amarya. Ciki da falo muke a gidan haya, irin wanda ɗakuna ke kallon juna, mu gida 8 banɗaki ɗaya. Maigidana albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12. Ƙarfe 4 na asuba yake fita ya tari motocin da suka kwana a hanya daga Aliero, ba ya dawowa sai bayan isha'i, ranar da gosulo ya riƙe shi a Ketu kuwa sai 10 ta wuce. Wannan dogon wunin da karatu nake cike shi. Na karanta labaran WhatsApp, na karanta na manhajar Wattpad, gasar gajerun labarai ta Hikayata ta BBC Hausa kuma tun da aka fara ta a 2016 nake bibiya.

Abin da ke damuna shi ne, duk auren da ya lalace a labari sai an samo masa mai laifi. Ko miji mashayi mai duka, ko kishiya ta binne laya a bakin ƙofa, ko uwar miji ta hana ruwa gudu. A ƙarshe mijin ya talauce ya dawo yana kuka, ita kuma ta gama idda wani Alhaji ya kwashe ta. Ban ce babu irin waɗannan ba, a gidanmu ma mun taɓa ɓalle ƙofa da dare muka ƙwaci wata. Amma ni ban taɓa ganin aurena a cikinsu ba.

Bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Kuɗin cefane bai taɓa fashi ba, kullum ina tashi in same su a kan firji, ya danne su da kwalbar man zafi. Wata rana na ƙirga maganar da ta haɗa mu daga asuba zuwa dare. "Sannu da zuwa." "Yauwa." "Ga abinci." "An kawo wuta yau?" Ita ke nan. Ya ci, ya miƙe a kan tabarma, waya a ƙirji, barci ya ɗauke shi da rigar kasuwa a jikinsa. Ni kuma in zauna ina kallon tafin ƙafarsa har fanka ta tsaya.

Na zauna na rubuta wannan, shafi 4, na tura wa wata marubuciya da nake girmamawa. Ta ce, "Hausarki ta fita, amma ina labarin? Babu abin da ya faru." Wallahi maganar ta tsaya mini a rai. Shin irin wannan zaman ba ya zama labari ne, ko ni ce ban iya ba?

Ummu Haidar

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ni ina rubutu, bari in faɗa miki gaskiyarmu. Labarin waya ciniki ne. Ana sakin shafukan farko kyauta, sannan a ce mai son ci gaba ta biya. In ba ki sa mari ko saki ko boka a shafi na 3 ba, babu mai tura miki ko sisi. Na taɓa gwada labari mai sanyi, mutum 6 suka biya, 2 daga ciki ƙannena ne.

Akwai kuma abin da muka gada. Tun zamanin littattafan soyayya na Kano ake zargin marubuta da ɓata tarbiyya, har aka ƙona littattafai a Kano a 2007. Wanda ya sha irin wannan zargi dole ya koyi kare kansa, sai ya zama kowane labari ya ƙare da azzalumi ya ga sakayya, don a ce wa'azi ne. To mijin da bai yi laifi ba, wace sakayya za ki ba shi? Shi ya sa muke kauce wa irin naki.

Amma marubuciyar nan ba ta yi miki adalci ba. Kwalbar man zafin nan da ke danne kuɗi, ita kaɗai ta tsayar da ni. Abin da ya rage miki dare ɗaya ne da ya bambanta da sauran. Gajeren labari ba ya ɗaukar shekara 11, dare ɗaya yake ɗauka. Ki nemo daren da ta yi niyyar magana, ta shirya kalmominta tun la'asar, ki bar mu mu ga abin da ya same su a bakinta.

Abu Safwan, Apapa

Maman Ilham, ki yi haƙuri namiji ya sa baki. Tanka nake ja, iyalina suna Haɗeja, wata 3 nake yi ban ga 'ya'yana ba. In muna layin lodi matata takan turo mini labaran nan, ina karantawa, kuma raina yana ɓaci. Namiji a ciki ko mugu ne ko sakarai da aka mallake. Ban taɓa karanta wanda aka shiga zuciyar mai neman abinci a kudu ba.

Ƙanena acaɓa yake yi lokacin da aka hana babura a wasu ƙananan hukumomin Legas a watan Yunin 2022. Aka kama babur ɗinsa, kuma bai gama biyan kuɗinsa ba. Wata 5 yana ce wa matarsa a waya komai lafiya, yana rance yana turawa. Da ya kasa sai ya daina ɗaukar wayarta, don kunya. Ita ta ɗauka wata ya samu. Auren ya mutu ba tare da ɗayansu ya zagi ɗaya ba. Wa zai rubuta wannan?

Mai albasa kuma, kin san kaya bashi ake ɗauka, mota ta lalace a hanya rabi ya ruɓe. Wataƙila shirun da kike gani lissafi ne yake yi. Gajiya ce, ba ƙi ba.

Gwaggo Asabe, Idi-Araba

'Yata, jikata ce ke buga mini wannan. Na haura shekara 40 a Ikko, kuma mata da yawa ɗakina suke fara zuwa kafin magana ta kai wurin liman ko fadar Sarkin Hausawa.

Abin da masu labari ba su gane ba, auren Legas daban ne da na gida. A gida in ranki ya ɓaci ki yafa mayafi ki yi yaji, kwana 2 a zo biko. Iyaye su zaunar da ku, dole ya buɗe baki, ke ma ki amayar da naki. Yaji ba rabuwa ba ne, hanyar tilasta magana ce. A nan ina za ki? Gidanku tafiyar yini da kwana ce a mota, kuɗin motar ma a hannunsa za ki karɓa. Sai mace ta yi yajin a cikin ɗaki, tana girki tana shara, shi bai ma san ta tafi ba. Irinku sun fi masu tabo a fuska yawa a wurina. In ce me ya yi miki, ta ce ba komai, sai hawaye.

Abu Safwan, ɗana, na ji tausayin ƙanenka, amma ban karɓi gajiya ba. Ita da ta wuni da yara a ɗaki ɗaya, tana sayen ruwa jarka-jarka a wurin mai kura, ba ta gaji ba? Allah da ya yi maganar aure a Suratur Rum, aya ta 21, natsuwa ya ambata da ƙauna da jin ƙai. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana zama ya yi hira da iyalinsa da dare. Ciyarwa wajibi ce, amma mace ba akuya ba ce da za a zuba wa dusa a juya.

Kuma ku marubuta ku daina yaudarar yara da Alhajin da ke jira a ƙofa ranar da idda ta cika. Da haka zawarci yake, da gwamnatin Kano ba ta fara aurar da zawarawa da kuɗinta a 2012 ba. Na ga yarinyar da ta nemi hul'i da irin wannan tunani, yau shekararta 6 a ɗakin uwarta.

Maman Ilham, Agege

Na gode ƙwarai. Gwaggo, maganar yaji a cikin ɗaki ta sa na ajiye wayar na yi kuka, don ban taɓa samun sunan abin ba sai yau.

Abu Safwan, jiya na gwada. Da ya wanke hannu na ce, "Baban Ilham, nawa buhu yake yanzu?" Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Lafiya? Kuɗin ba su isa ba ne?" Na ce sun isa, tambaya kawai nake. Ya yi shiru, can ya ce motarsu ta kwana 3 a wajen Mokwa, buhu 14 aka zubar. Na jira ya ci gaba, bai ci gaba ba. Da asuba kuɗin suna nan a kan firji, babu abin da ya ragu a ciki.

Ummu Haidar, wannan daren nake so in rubuta. Abin da ya ɗaure mini kai, in bar labarin a bakin matar kaɗai, ko in ba shi shafi ɗaya a cikin danfo, motar haya ta Legas, yana dawowa? Ina tsoron in sa masa maganar da ban taɓa ji daga bakinsa ba.