Fara ce, rabo ce, ko me za mu ce da ita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata 'yar magana ce kan sunan wani ƙarfen aikin katako ta taso mini a rumfar bayan gida, na ga ba zan iya yanke ta ni kaɗai ba.

Ni ba kafinta ba ne, manomi ne. Riɗi da dawa nake nomawa a wani ƙauye kudu da Gadarif, a gabashin Sudan. Amma tsakanin yankan riɗi da girbin dawa akwai 'yan makonnin da hannu ke sararawa, ni kuwa hannuna bai iya zama haka nan ba. Ina da 'yar rumfa jikin danga, yara na ce mata warsha don tsokana. Ciki akwai teburin da na tokare ƙafarsa ɗaya da bulo, da zarto biyu, da gizagon da na gada wurin kakana. Nan nake gyaran angareb, gadon igiyar nan da ba a rasa shi a gidan Sudan, in yi wa uwargida bambar na zama gaban murhu, in sa wa fartanya sabuwar ƙota.

Abin da nake nema wa suna shi ne ƙarfen nan mai mariƙi gaba da baya, wanda ake turawa bisa katako yana fitar da ɓawo siriri a nannaɗe. Tawa Stanley ce lamba 4, ta hannu na saya a kasuwar Gadarif, tsawonta wajen inci 9, faɗin wuƙarta inci 2. Da can tana rataye ne kawai, don in na sami katako birni nake kai shi inji ya goge. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, lantarki ya zama sai an dace, katakon moski da ake shigowa da shi daga waje ya fi ƙarfin aljihuna, sai na koma kan icen gida da ƙarfin damtse.

A nan kowa fara yake ce mata. Larabci ne, ma'anarsa ɓera mace. In ka ajiye ta bisa teburi ka ja baya, wallahi sai ka ga ɓera a laɓe, cin ma irin nasa take yi, kaɗan-kaɗan. Larabcin littafi na da wata kalmar, mis-haj, amma ban taɓa jin ta a bakin mai sayar da kusa ba.

Shekaranjiya ina fama da ƙafar angareb, na ce da autana, ɗan shekara shida, je ka ɗauko mini fara. Tana ɗaki na bar ta, don na wasa wuƙar da dare. Yaro ya tafi, shiru shiru. Har na sha jabana, wato gahawa, na gama. Can sai ga shi duk ƙaya a wando, riƙe da gwangwanin madara, ya buɗe a hankali: fara uku masu rai, ɗaya babu ƙafa. Ya ce, Baba, gudu suke yi. Uwarsa ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai yaro bai yi laifi ba, da Hausa aka aike shi, da Hausa ya dawo.

Ita ke da gaskiya. To, me Bahaushe zai ce da wannan abu?

*

Na gode, amsoshi sun fi abin da na zata. Bari in bi su.

Wani ɗan uwa daga Maraɗi ya ce su rabo suke cewa, daga Faransanci. Na ji daɗin wannan, amma ɗan uwa, ka taɓa tunanin a ce wa yaro je ka ɗauko rabona? Gara farar ma, ita ko ba komai ana kama ta. Na Kano kuma sun ce filen, daga Turanci, wani ya biyo baya da cewa wannan ai jirgin sama ne. Abin mamaki: harsuna uku muka ara, kowanne ya faɗo kan wata kalmar da ta riga shi zama. Af, na tuna, gindin ƙarfen da wuƙar ke kwanciya a kai, Turawa kwaɗo suke ce masa da harshensu. Ɓera a waje, kwaɗo a ciki.

Kawuna na garin Mai Wurno, nan Sudan, Allah ya ƙara masa lafiya, ya aiko da murya mai tsawo. Ga abin da na tsinta: "Ɗana, ba mantuwa aka yi ba. Iyayenmu da suka yiwo gabas bayan yaƙin Burmi a 1903, da waɗanda suka biyo hanyar Makka a ƙafa suka yada zango nan, sun zo da gatari da gizago. Masassaƙi gungume ɗaya yake ɗauka ya fitar da turmi, ko akushi, ko kujerar mata, ba ya haɗa allo da allo. Wanda bai haɗa katako biyu ba, me zai yi da abin miƙar da gefe?"

Kawu, wannan magana ta zauna mini. Ashe ba suna ne ya ɓata ba, aikin ne ya zo daga baya. Amma inda ka ce a bar shi a ƙaramin gizago, ka yi mini afuwa, nan ban bi ka ba. Gizago sara yake, kuma yawan abin da zai ɗiba yana hannun mai riƙe da shi. Wannan kuwa wuƙarta a ɗaure take cikin gida, a kishingiɗe kan kusurwa 45, bakinta kaɗai ke leƙowa ta wata 'yar tsaga a ƙasa. In ka daidaita ta, ko ka ji haushi ba za ta ci fiye da abin da ka ba ta ba. Saman wuƙar kuma akwai wani ƙarfe da aka ɗaure da noti, shi ke karya ɓawon yana fitowa, don kada ya yage ya shiga cikin naman ice. Wanda ya taɓa aikin bagaruwa, wadda nan ake ce wa sunut, ya san amfanin wannan ƙarfe. Icen da ake yi wa layin dogo matashi da shi, taurinsa ba wasa ba, ga jijiyarsa a murɗe. Ka tura ta inda jijiya ta kwanta, ɓawo ya fito kamar takarda. Ka juyo ta baibai, ta tsinke maka fuska gaba ɗaya. Darbejiya ta fi ta sauƙin kai nesa.

Wasu sun kawo magogi, makankari da malailayi. Magogi: an riga an ba abin goge haƙori da na goge kuɓewa, kuma guga aikin sanfara ne, takardar nan mai kaushi, gari take fitarwa ba ɓawo ba. Makankari: kankara ta ƙanzon tukunya ce, wuƙa a tsaye take kankara, wannan a kwance take yanka. Malailayi bai faɗi yankan ba sam.

Askar katako, wadda wata baiwar Allah daga Jidda ta kawo, ta daɗe a raina. Hajiya, kalmarki na da kyau, kowa ya ji ya gane. Abin da ya hana ni shi ne na gwada ta a baki ina aiki. Na aske ƙofa. Aske mini gefen nan. Sai in ga wanzami da zabirarsa. Kuma kalma biyu ce, mai aiki da kusa a baki ba ya son dogon suna, ranar farko za a yar da katakon a bar aska, mu koma gidan jiya.

*

Bayan isha'i uwargida na fere kabewa, ina zaune ina kallon ɓawon na zuba a faranti, dogo, siriri, a lanƙwashe. Na ce mata me kike yi? Ta dube ni kamar na zare, ta ce fira nake, ba ka gani?

Maferi. Kamar yadda buɗe ya ba mu mabuɗi, girbe ya ba mu magirbi. Jam'insa maferai, kamar mabuɗai. Kuma ya zo da aikatau a hannu, wanda sauran ba su da shi: fere gefen nan, ƙofar ta kumbura da damina sai an fere ta, ka fere da yawa. Ba wanda zai tsaya tambayar me ake nufi. Masu cewa feraye sa ce maferayi, ban ga abin faɗa a nan ba.

Malamin makaranta da ya ce maferi zai iya zama mutumin da ke firar, gaskiyarka Malam, a rubuce haka yake. A baki karin sauti na raba su, kamar yadda yake raba ma'auni kwano da ma'auni mai awo, kuma ba a taɓa kai wa alƙali ƙarar wannan ba. Ni dai a rumfata na tsayar da maferi. Wanda ya saba da fara a kasuwa ya ci gaba, ni ma in na je sayen wuƙa a Gadarif ita zan ce, in ba haka ba in dawo hannu rabbana.

Da safen nan na gwada. Na nuna wa auta shi sau ɗaya, na faɗi sunan, na mayar ɗaki. Da hantsi na ce je ka ɗauko maferi. Ya tsaya bakin rumfa ya ce, Baba, farar ƙarfen? Na ce ita. Ya kawo, ya dire mini ita bisa bulo, wuƙa ƙasa. Yanzu haka ina kan dutsen washi, ƙafar angareb ta uku na jira. Ƙarfen nan mai karya ɓawo shi ma ba shi da suna, in akwai mai shawara.