Yini ɗaya ya rage mana a Istanbul ni da Hajiya, mu ɗauki ɗan rakiya ko mu zaga da kanmu?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na rako Hajiyarmu asibiti nan Istanbul, alhamdulillah an sallame mu, jirginmu sai ƙarfe ɗayan daren Lahadi wayewar Litinin, kenan yinin Lahadi gaba ɗaya namu ne. Tunda muka zo daga otal sai asibiti, ita kuma ta dage ba za ta koma ba ta ga gari ba. Ba sayayya za mu yi ba, kuɗin duk sun tafi a magani, kawai ta ga shaguna ta ga masallatai ta ba idonta abinci. Damuwata gwiwarta ce, ba ta iya doguwar tafiya balle hawa. A unguwar Aksaray muke. Wani ma'aikacin otal ya ce zai haɗa mu da mota da ɗan rakiya a kan dala 150. In biya ko mu hau taram, jirgin ƙasan nan na cikin gari, mu zaga da kanmu? Wanda ya taɓa yi don Allah ya taimaka da shawara.

Maman Khairat:
Wa alaikumussalam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ku tafi babbar kasuwar nan mai rufi, Kapali Carshi, shaguna kusan 4,000 ne a ciki, layin 'yan gwal kaɗai ya ishe ta kallo har azahar. Daga nan ku hau Sulaimaniyya, wallahi daga harabar masallacin ana hango teku da rabin gari.

Injiniya Bash:
Maman Khairat, Abban Sadiq ya ce fa Lahadi. Kasuwar a rufe take ranar Lahadi. Kuma Sulaimaniyya a kan tudu take, ya ce tsohuwa ba ta iya hawa. Abban Sadiq kada ka biya ko sisi, kana Aksaray ai kana bakin taram T1, shi ne zai bi da ku Laleli, Beyazit, Sultanahmet har Eminonu. Ka sayi katin biyan kuɗin sufuri, Istanbulkart, a injin da ke tasha ka zuba masa kuɗi, da shi za ku hau taram da jirgin ruwa duka.

Ɗan Auta:
Kallon shago ba kuɗi a aljihu, ranka ya daɗe wannan ai azumi ne a gidan biki 😂 Allah ya ba da haƙuri.

Hajiya Turai:
Ɗana ka ji ni da kyau, duk wanda ya tare ku a hanya da fara'a kada ku tsaya. Mu ma da niyyar kallo kawai muka fita ni da ƙanwata, mun fito daga masallacin Sultan Ahmet kenan muna neman inda za mu zauna sai ga wani mutum tsaf-tsaf da shi, ya yi mana sallama cikakkiya, ya tambayi ƙasarmu, ya ce shi yana son Musulmin Afirka, shagonsu na nan bayan masallaci mu zo mu sha shayi kawai ba sai mun saya ba. Muka bi shi don ƙafafunmu sun gaji. Aka zaunar da mu a kujera mai laushi aka kawo shayi a ɗan kofin gilashin nan mai siririn ƙugu, sai yara biyu suka fara warware dardumomi a gabanmu, ɗaya kan ɗaya har suka kai mana idon sawu, yana juya kowacce yana nuna mana yadda launinta ke canjawa in ka kalle ta ta wancan gefen, yana kifa bayanta yana ƙirga mana ƙulli da farce. Duk sanda muka yunƙura za mu tashi sai a kawo wani shayin, kuma ɗaya yaron yana tsaye daidai bakin ƙofa. La'asar ta same mu a wurin. Don dai mu samu mu fita na ɗauki ƙaramar dardumar sallah, ya danna 900 a kalkuleta ya nuna min, na ce lira? ya gyaɗa kai yana murmushi, na miƙa kati. Sai da muka koma masauki na ga saƙon banki, dala ce ya cira. Washegari jirginmu, ban ma iya gane layin ba balle shagon. Har yau in na shimfiɗa ta sai raina ya ɓaci, na ba da ita ma daga baya.

Maman Khairat:
Innalillahi! Hajiya ba ki kira banki sun tsayar ba?

Hajiya Turai:
Na kira 'yar nan, suka ce ai ni na sa lambar sirri da hannuna. Takardar da ya ba ni kuma da Turkanci take.

Malam Habu Mai Kaya:
Shi ya sa ɗan rakiya yake da rana. Ni shekara da shekaru ina shiga Laleli da Merter saro kaya, na san garin nan. Amma 150 ta yi yawa, ni dala 80 na biya da na kai iyali, har da abincin rana.

Ummu Hanifa:
80 a wace shekarar Malam? Mu 200 muka biya bara kuma ba abinci, ƙarshe ma shagon fata da na alawa ya yi ta kai mu, ashe yana da kamisho a ciki. Ɗan rakiyar ma wani lokacin shi ne mai kai ka inda za a yanke ka.

Injiniya Bash:
Duk wanda ya je kafin 2022 ya daina kawo farashi don Allah. Farkon 2021 dala ɗaya ba ta kai lira 8 ba, a farkon 2024 ta haye 30. Lissafinku ba zai taɓa haɗuwa ba.

Malam Habu Mai Kaya:
Injiniya kai da ka je taro na kwana uku kake gyara min? Mu da muke kwana a garin.

Injiniya Bash:
Malam da girmanka, kai hanyar Laleli zuwa wajen masu kago ka sani, tambayarsa ta yawon buɗe ido ce da tsohuwa. Ka taɓa shiga Topkapi, tsohuwar fadar sarakunan Usmaniyya, ma kuwa?

Sadiya A.:
Ku bar musu. Abban Sadiq in da ni ce, Ayyub Sultan zan fara kai ta, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, wanda Annabi (SAW) ya sauka a gidansa a Madina. Daga Eminonu akwai taram T5 da ke bin bakin ruwa har can, filin gaban masallacin shimfiɗaɗɗe ne kuma akwai wurin zama, gefe ga 'yan shagunan carbi da turare da mayafai ta yi ta kallo ba mai takura mata. Mahaifiyata da na kai ta sai da ta yi hawaye, ta ƙi tashi har aka kira azahar. In kun dawo Eminonu kasuwar kayan ƙamshi, Misir Carshisi, tana buɗewa Lahadi kuma ƙarama ce ba ta gajiyarwa. Sai ku shiga jirgin ruwa zuwa Uskudar, a zaune za ta ga gari, minti ashirin bai cika ba kun bar Turai kun shiga Asiya. Topkapi ranar Talata suke rufewa, Lahadi a buɗe take, amma tafiyar ciki da layin ɗakin da aka ajiye kayan tarihin Annabi za su wahalar da gwiwarta.

Baban Ummi:
Ku shiga Aya Sofiya, kyauta ce, ni na shiga na yi sallah ba wanda ya karɓi ko lira ɗaya.

Ummu Hanifa:
Kyauta ina? Yuro 25 kowane mutum muka biya, kuma bene aka hau da mu ta wata hanyar dutse mai gangare, ni da nake da lafiya ma sai da na yi haki.

Sadiya A.:
Duk gaskiyarku. A 2020 aka mayar da ita masallaci aka daina karɓar kuɗi, sai a Janairun 2024 aka sa wa baƙi masu zuwa kallo yuro 25, su ta sama suke bi. Ƙasa na masu sallah ne. Masallacin Sultan Ahmet mai hasumiya shida yana kallonta kuma ba a biya.

Ɗan Auta:
In mai shushaina ya yar da buroshi a gabanka kada ka ɗauka, ka tsallake kamar ba ka gani ba. Ni na ɗauka don ladabi, sai ga shi ya kama ƙafata yana goge min silifas 😭

Abban Sadiq:
Na gode ƙwarai jama'a, Hajiya Turai Allah ya mayar da alheri. To amma taram ɗin ana samun wurin zama ranar Lahadi? Kuma ƙarfe nawa ya kamata mu kama hanyar filin jirgi, na ji an ce da nisa.

Maman Khairat:
Shawara ɗaya dai, kada ka sa hoto a status sai kun sauka gida. Ni hoto ɗaya na ɗora a gadar Galata, kafin magariba saƙon sautu ya cika min waya, wannan abaya wannan takalmi lamba 41 wannan labule, kuma ba wadda ta turo kuɗi, wai in saya in na dawo a biya.

Hajiya Turai:
Kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Akwati guda na cika da sautun mutane na biya kuɗin ƙarin nauyi daga aljihuna, da na kawo wata ta ce kalar ba ita ta nuna min ba, ta bar min shi.

Malam Habu Mai Kaya:
Ku kuna ganin naku. Mu 'yan kasuwa har a bakin filin jirgi ake tare mu da leda, "Malam ɗan wannan ne ba nauyi." Na daina karɓa tuntuni, wanda zai yi fushi ya yi.

Ummu Hanifa:
Malam kai namiji ne za ka iya cewa a'a. Ni in uwar miji ce ta aiko ko yayarsa fa, ta ina zan fara? Wancan zuwan yinin da na ware don ganin gari a shagunan tufafi na unguwar Osmanbey na ƙarar da shi ina neman wata riga da aka turo min hotonta, shago shago ina nuna waya, ƙarshe wani mai shago ya duba da kyau ya ce wannan ai ba ɗinkin Turkiyya ba ne ma.

Maman Khairat:
To ya kika yi da ita da kika dawo?