Neman shawara: wace tsutsa ce ke cinye min jiraniyom?

Uwargida mai furanni: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min. Ina da furen jiraniyom tukunya shida a baranda, jajaye da masu ruwan hoda, shekara biyu ke nan ina lallaɓa su. Makonni uku da suka wuce sai na ga kawunan furen sun daina buɗewa. Da na duba da kyau, kowane kai akwai ɗan rami a gefensa, kamar an huda da allura mai kauri, in na matse sai in ji fanko. Waɗanda suka samu suka buɗe kuma duk a yayyage. A kan ganye akwai baƙaƙen ɗigo kamar burbushin gawayi. Na fesa ruwan sabulu sau biyu, ko gezau. Ni dai ban ga tsutsa da idona ba, amma maƙwabciyata ta rantse tsutsa ce. Wace iri ce, kuma yaya zan yi da ita?

Malam mai lambu: Wa alaikumus salam Hajiya. Maƙwabciyarki ta yi gaskiya, baƙin ɗigon nan kashin tsutsa ne. Da dodon koɗi ne da kin ga sawun yauƙinsa yana ƙyalli a jikin tukunya. Kin kasa ganinta ne saboda da rana kike nema. Bayan magariba ki ɗauki tocila ki bi kawunan furen ɗaya bayan ɗaya, lokacin take fitowa ci. Yadda kika kwatanta ramin, na fi zargin tsutsar da ke huda kan auduga da tumatir, Helicoverpa armigera, wadda ake samu a Afirka da Turai da Asiya. A Amurka 'yar uwarta ce ke wannan ɓarnar, tsutsar kan taba, har can suna kiranta tsutsar jiraniyom. Kada launi ya ruɗe ki. Wata kore ce, wata ruwan ƙasa, wata har ja-ja take yi in ta ci jan fure ta ƙoshi, sai ta saje da shi. Ki duba ratsin da ya bi tsawon jikinta. Babbar takan kai santimita 4.

Abban yara: Ki sayi maganin ƙwari mai ƙarfi ki yi musu wanka da shi, shi ke nan an wuce wurin.

Anti mai baranda: Haba Abban yara, ai ba a san maci tuwo ba tukuna. Tsutsar da ke cikin kan fure ko cikin kara feshi ba ya isa gare ta, sai dai a kashe ƙudan zuma a banza. 'Yar uwa, kafin komai ki taɓa karan. In kin ga wani wuri ya yi baƙi, ya yi laushi, da ɗan rami, to labari ya canza. Akwai wani ƙaramin malam-buɗe-littafi mai ruwan ƙasa, bakin fukafukinsa da fari-fari, da 'yar jela a baya, Cacyreus marshalli. Asalinsa kudancin Afirka ne, a ƙarshen shekarun 1980 ya ɓulla a tsibirin Mayoka na ƙasar Sifen, daga nan ya bazu Faransa da Italiya. Tsutsarsa gajeriya ce, da kaɗan ta wuce santimita 1, kore mai ratsin ruwan hoda da gashi gajere. Tana farawa daga kan fure, sannan ta nutse cikin kara ta riƙa ci daga ciki. Ni ta taɓa cinye min tukunya huɗu ina nan ina ta ƙara musu ruwa, wai a zatona ƙishi ne ke sa su yaushi. Maganinta almakashi: ki yanke karan ƙasa da inda baƙin ya tsaya, har sai kin ga cikinsa kore tas, ki ƙulle abin da kika yanke a leda ki zubar.

Malam mai lambu: Haka ne Anti. Akwai ta uku ma, amma ita ganye ta fi ci: kore siririya, in tana tafiya sai ta lanƙwasa baya kamar mai auna taƙi. Tana maƙale a bayan ganye, tsince ta ba wuya. In lallai sai an yi feshi, a nemi mai Bt, wato ƙwayar bakteriya mai suna Bacillus thuringiensis. Sai tsutsa ta ci shi yake kashe ta, kuma rana na lalata shi cikin 'yan kwanaki, don haka da yamma ake fesawa, a maimaita. Ya fi kama ƙanana masu cin ganye. Wadda ta shige cikin kai kuwa, hannu ne kawai.

Uwargida mai furanni: Na dawo da rahoto. Jiya da dare na fita da tocila, wallahi guda tara na tsince, biyu jajaye sak irin furen, ɗaya rabin jikinta na cikin rami. Duk masu ratsi ne a tsaye, karan kuma lafiya lau, na matsa ko'ina da ƙarfinsa. Na jefa su a ruwan sabulu, ashe nan ne amfaninsa. Na cire duk kawunan da aka huda. Yanzu na huta ke nan?

Malam mai lambu: Da saura kaɗan, Hajiya. Ki ci gaba da zagayen dare na mako biyu, don akwai ƙwai da ba su ƙyanƙyashe ba, ƙanana farare, ɗaiɗai a jikin kawunan fure. Sannan irin wannan in ta gama girma ƙasa take sauka ta binne kanta, ta koma wani abu mai tauri ruwan ƙasa, daga nan uwar ke fitowa da fukafukai ta sake zuba ƙwai. Ki tona saman ƙasar tukwanen da cokali kamar zurfin yatsa ki duba. In kin samu ko ɗaya, ki juye ƙasar gaba ɗaya ki zuba sabuwa.