Don Allah wa zai fahimtar da ni nomalaizeshin? An ce in raba teburina

dan_aboabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aji biyu a jami'a nan Kumasi, wannan zangon kwas ɗin rumbun bayanai muke yi, an ce kowa ya gina databes na wani abu na gaske. Ni sai na ɗauki shagon kawuna da ke Aboabo, shinkafa da mai da sukari yake sayarwa kuma rabin masu sayen kayansa bashi suke ɗauka. Na yi tebur ɗaya a MySQL, manhajar rumbun bayanai, na zuba komai ciki, sunan kwastoma, lambar waya, kayan da ya saya, farashi, rana, saura nawa. Yana aiki fa, amma malaminmu ya ce in raba shi har ya kai mataki na 3 na nomalaizeshin, wai tsara bayanai a tebur daban-daban don kada su riƙa maimaituwa, ni kuma wallahi na karanta abin sau uku ya ƙi zama min a kai. Mene ne laifin tebur ɗaya tunda a Excel ma haka muke yi?

yaya_asawase:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye littafin tukuna, ka tuna da wata hajiya mai sayar da wake da shinkafa wadda take ɗaukar buhu wajen kawu duk mako, yanzu sunanta da lambarta sun fito a layi 40 a teburinka, ranar da ta canza lamba sai ka bi duk 40 ɗin ka gyara, in ka manta ɗaya to lamba biyu ke nan ga mutum ɗaya, wacce kawu zai kira ranar karɓar bashi? Sannan in sabon kaya ya shigo shago ba wanda ya saya tukuna, ina za ka rubuta farashinsa? Babu wuri. Wanda kuma sau ɗaya ya taɓa saye, ka goge cinikin, shi ma ya ɓace da lambarsa.

To ka yi tebur 4. Na kwastoma, na kaya, na ciniki, da na abin da ke cikin kowane ciniki, don mutum zai iya sayen mai da sukari lokaci ɗaya. Kowane tebur da babban mabuɗinsa, lamba wadda ba ta maimaituwa, teburin ciniki sai ya aro mabuɗin kwastoma kawai. Kada ka yi mabuɗi da suna, Muhammadu nawa ne a Aboabo? Lambar waya ma tana canzawa. Mataki na 3 shi ne kowane bayani ya dogara da mabuɗin teburinsa shi kaɗai, lambar waya ta kwastoma ce, ba ta ciniki ba.

Abu ɗaya da ya taɓa cizona a wajen aiki, ka ajiye farashin ranar a cikin layin cinikin, don kuɗin buhu yana motsi, in ba haka ba ranar da kawu ya ƙara sidi 20 tsohon bashin mutane ma zai tashi.

malam_nima:
Yaya ta gama magana. Edgar Codd na kamfanin IBM ne ya kawo tsarin tebur-tebur ɗin nan a 1970, kuma har yau a kansa MySQL da PostgreSQL suke. Ni abin da zan ƙara shi ne tiransakshin, wato haɗa ayyuka su tafi tare kamar aiki ɗaya, don a jarabawa ba ya ɓacewa. Ka ɗauki misalin momo, tura kuɗi ta waya, an cire sidi 200 a wajenka sai dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya buga ko natwok ya tafi kafin kuɗin su shiga wajen wanda ka tura wa, dole ko duka biyun su faru ko kada ɗaya ya faru, aikin umarnin COMMIT (tabbatar da aikin) da ROLLBACK (janye shi) ke nan. A MySQL ka tabbata teburinka nau'in InnoDB ne, nau'in MyISAM ba ya yin tiransakshin.

dan_aboabo:
Allah ya saka da alheri yaya, malam na gode ƙwarai, misalin hajiyar nan ne ya buɗe min ido. To "saura nawa" fa, a wane tebur zan sa shi?

yaya_asawase:
Babu ko ɗaya. Ƙara tebur na biya, rana da adadi da mabuɗin kwastoma, saura kuma lissafa shi za ka yi da umarnin SUM mai tara jimla da JOIN mai haɗa tebur da tebur duk lokacin da kawu ya tambaya. In ka zana su ka turo hoton in duba kafin ka miƙa.